Sanyi a Ɗakinka, Zafi a Tagar Wa?

Iyakwandishan, wato esi, ba ya kashe zafi. Kwashe shi yake yi daga wani wuri ya juye a wani. Gas ɗin da ke zagayawa cikin bututun tagulla shi ke tsotse zafin ɗaki, kwamfuresa ta matsa gas ɗin, fankar injin da ke waje ta huro zafin ga duk abin da ke gabanta. Abin da ke fita ma ya fi abin da aka kwaso, domin wutar da injin ya ci ita ma zafi take komawa. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wanda ya fi yawa a ɗakunan kwana, yana cin wuta sama da kilowat 1 kaɗan ya cire zafin kilowat 3.5 daga ɗaki, wato wajen kilowat 4.5 ke nan yake fesowa ta bayan bango. Wanda ya taɓa gittawa ta gaban injin waje da azahar a watan Afrilu ba ya buƙatar wannan lissafi, fuskarsa ta riga ta gaya masa.

Bayan zafin akwai ƙara, akwai kuma ruwan da ke ɗiga daga siririn tiyo. Mai sayen esi sanyi ya biya, amma waɗannan ukun a cikin kwalin suka zo, kuma ba a ɗakinsa za su kwana ba. Duk rigimar da maƙwabta ke yi a kan esi, daga Dorayi zuwa Hotoro a nan Kano, in ka tone ta, a kan inda za su kwana ne.

Shekarun baya ba a jin irin wannan rigima, saboda esi kayan banki ne da ofishin gwamnati da gidajen Nassarawa da Bompai, inda gida ke zaune a tsakiyar fili, tsakaninsa da katangar maƙwabci akwai 'yar tafiya, akwai darbejiya da mangwaro. Injin ya yi ta kukansa, ƙadangaru kaɗai ke saurare. Yanzu esi ya shigo unguwannin awon igiya, inda aka yanka fili ƙafa 50 da 50, aka cinye shi da gini har bakin iyaka, daga baya magada suka raba shi biyu. Tsakanin bangon wannan da na wancan bai wuce inda mutum zai ratsa a karkace ba, wani wurin ma bango ɗaya ake tarayya. Ginin kuma na bulo ne da rufin kwano, mai shan rana yini guda ya amayo ta da daddare, ba irin ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara da kakanninmu suka kwana a ciki babu ko fanka ba.

Kada wani ya ɗauka yaƙi nake yi da esi. A Kano zafin Afrilu yana haura digiri 40, kuma a farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. Ga dattijo mai hawan jini, ko mace mai tsohon ciki, ko jariri mai ƙurajen zafi, ɗaki mai sanyi ya wuce kayan alatu. Wanda Allah ya hore wa ya saya, ya kyauta wa iyalinsa. Za a ci gaba da saye kuwa. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki biliyan 1.6 da ake da su a lokacin za su kai biliyan 5.6 nan da 2050, kuma namu kason a jikin bangayen lungunanmu za a rataye shi.

Akwai kuma abin da ya canza kwanan nan. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu hali da yawa suka koma sola. Esi mai inbata ba ya fizgar wuta da ƙarfi in zai tashi, saboda haka yana iya kwana a kunne a kan batir. Da can ɗauke wuta ke raba gardama: a kawo awa biyu, a ɗauke, injin ya yi shiru, kowa ya koma neman mafici. Yanzu injin ba ya hutawa. Kuma a layin da janaretoci suka fara yin shiru saboda tsadar mai, ƙaramar ƙarar da rurinsu ke binnewa ta fito fili.

Abin da ya sa wannan cuta ta fi sauran cutukan maƙwabtaka wuyar magana shi ne mai yin ta ba ya jin ta. Mai injin markaɗe yana tsaye a kan injinsa. Mai kiɗan biki yana cikin kiɗan. Mai esi kuwa ya rufe taga, ya saki labule, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada sanyi ya zurare. Kamfanin da ya ƙera na'urar da gangan ya raba ta biyu, ya bar mai shirun a ciki, ya kora mai hayaniyar waje. Shi kuwa maƙwabcin da ba shi da esi, duk dabararsa ta bazara a buɗe take: taga a buɗe, ƙofa a buɗe, a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a jira iskar goshin asuba. In ya rufe taga ya dahu, in ya buɗe ya sha ƙugi da iska mai zafi. Don haka idan Malam maƙwabci ya rantse bai runtsa ba, Alhaji mai esi ya rantse shi bai ji komai ba, babu maƙaryaci a cikinsu.

To wa ya zaɓi wurin da aka kafa injin? Sau da yawa ba mai gidan ba ne. Ku tsaya wata rana ku kalli yadda ake ɗaura esi. Mai haɗawa ya iso a kan babur, yaronsa a baya rungume da jakar kayan aiki, an ari tsani a maƙwabta. Ya shiga ɗaki, ya dubi inda gado yake, ya dafa bango ya ce nan za a sa na cikin. Daga nan magana ta ƙare, domin bututun da ke zuwa da na'urar 'yan mitoci ne, uku zuwa biyar, tagulla kuma tsada gare ta. Inda ya huda bango, a bayan nan injin waje zai zauna. Yaron ya zagaya lungu ya jingina tsani, ya ɗaga murya:

"Oga, akwai tagar mutane fa a nan."

Oga ya juya ya dubi mai gida. "Alhaji, in za a matsar da shi gaba sai an ƙaro faif da gas, kuɗi zai ƙaru."

Alhaji, wanda ya riga ya zazzage aljihunsa a kanti, ya ce, "A'a, sa shi nan kawai. Ai sabo ne, ba shi da ƙara."

A kafa ƙarfen da mai walda na bakin titi ya haɗa, da kusoshi huɗu, wani lokaci uku, babu roba a ƙarƙashin ƙafafun injin. A naɗe bututu da farin tef, a saki tiyon ruwa yana lilo a jikin bango. A kunna, sanyi ya sauko, yara su yi tsalle, a biya, a yi godiya. Cikin awa biyu an yanke yadda wani gida zai yi barci shekaru masu zuwa, ko sallama ba a yi da mutanen gidan ba.

Alhaji bai yi ƙarya ba da ya ce sabo ba shi da ƙara sosai. Amma injin ba zai tabbata sabo ba. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta toshe ragar bayansa, fanka ta ɗauki datti ta fara juyawa a karkace, kusoshi su saki, murfin ya kama kaɗawa. In an yi masa kejin ƙarfe saboda ɓarayin tagulla, kejin ma ya shiga amshi. Mafi muni ita ce girgizar da ba ta bin iska, sai ta bi ƙarfe ta shiga bulo, ta ratsa bango ta fito a ɗakin wani a matsayin ƙugi mai kauri wanda rufe taga ba ya magani. Tsohon samfuri marar inbata kuma tashi yake yi ya mutu, ya tashi ya mutu, kuma wannan bugun na tashi ya fi ƙugin da ba ya yankewa farkar da mai barci. Abin dariyar, mai esin ma yana asara bai sani ba. Injin da aka cusa a matsattsen lungu iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa, sai ya ƙara wahala, ya ƙara cin wuta, sanyi ya ragu, kwamfuresa ta mutu kafin lokacinta, a yi ta zagin kamfani.

Sai kunya ta karɓi aikin. Malam ba zai yi magana a ranar farko ba, ai ba a tarar mutum da ƙorafi ran da ya yi sabon abu, sai dai a ce Allah ya sa alheri. Ba zai yi a mako na biyu ba, don a sahu ɗaya suke sallar asuba, kuma Alhaji ne ya kai matarsa asibiti da mota bara. Sai maganar ta bi ta cikin gida, uwargidan Malam ta ɗan yi wa Hajiya shaguɓe a gidan suna, Hajiya ta kawo wa Alhaji da ƙari. Amsar da ke dawowa kusan kullum ɗaya ce: baƙin ciki suke yi, don sun ga Allah ya buɗa mana. Wannan zargi na hassada shi ne katangar da mai esi ke fakewa a bayanta, kuma yana aiki, domin babu talakan da ke son a ce yana ƙyashin arzikin maƙwabcinsa. Sai ya haɗiye. Abin da aka haɗiye kuwa ta wata ƙofa yake fitowa. Ƙarar da za ta iso gaban mai unguwa ba ta esi ba ce, ta faɗan yara ce, ko ta kwata, ko ta akuyar da ta ci shanya. Sai an yi nisa da bayani wani ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wata uku ke nan ba ma barci."

Ba mu rasa ƙa'idar da za ta raba wannan ba, mantawa muka yi tana nan. Duk maginin gargajiya ya san ba a juya bakin indararo ya zuba a gidan wani ko a gindin katangarsa. Ruwan rufinka naka ne, ka san inda za ka kai shi. Babu wanda ya taɓa kiran mai ƙorafin indararo mahassadi, kuma babu wanda ya taɓa kare kansa da cewa ai a jikin ginina yake. Injin esi indararo ne, sai dai shi ba ya jiran damina.

Malaman Malikiyya sun daɗe da tsefe irin wannan. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wadda alƙalan kotunan Musulunci a Arewa ke aiki da ita har gobe, tana da babi a kan cuta tsakanin maƙwabta. Abin da babin ya tsayu a kai shi ne duk wanda ya ƙirƙiro sabon abu mai tabbatacciyar cuta ga maƙwabcinsa, hana shi ake yi, kuma gidan gasa burodi na cikin misalan da aka kawo. Akwai bambanci mai kyau a wurin. Wanda ya ɗaga gininsa ya tare maka rana ko iska, ba a hana shi. Wanda ya turo maka hayaƙi ko wari, ana hana shi. Tarewa daban, turowa daban. Iskar da fankar esi ke hurawa cikin tagar mutum ba sai an yi dogon nazari ba kafin a san ɓangaren da ta faɗa. A babin kuma akwai abin da ya kamata masu kunya su ji da kyau: wanda yana nan, yana gani, ya yi shiru shekara 10 a kan cutar da aka ƙirƙiro masa, ya rasa damar kai ƙara. Shari'a ba ta ɗauki dogon shiru a matsayin kara ba, ta ɗauke shi a matsayin yarda.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage magini ne, Ibn al-Rami, mutumin Tunis na ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gini in an kawo ƙara, ya kuma tattara hukunce-hukuncen a littafinsa al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ciki ya kawo yadda ake gane ko injin niƙan da dabba ke juyawa yana cutar da bangon maƙwabci. A samo takarda, a ɗaura zare a kusurwoyinta huɗu, a rataye ta a rufin da ke kan bangon da ake gardama a kai, a zuba mata busassun ƙwayoyin kuzbara masu saurin gangarawa, sannan a ce wa mai niƙa ya tada aikinsa. In ƙwayoyin sun motsa, a ɗauke injin. In ba su motsa ba, mai ƙara ya yi haƙuri. Ba a tambayi waye mai kuɗi ba, ba a binciki zuciyar mai ƙara ko akwai ƙyashi a ciki ba. Gaskiya ne malaman sun yi saɓani a kan ƙara zalla, wadda ba ta girgiza bango, musamman in sana'ar mutum ce yake ci da ita. Amma esin ɗakin kwana ba maƙera ba ce da za a ce in an hana mutum ya rasa abinci. Matsar da shi kawai ake nema.

Dokar gwamnati ma tana nan a takarda. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaniya a 2009, inda ta ce a unguwar zama kada ƙara ta wuce desibel 50 da rana, 35 da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 1999 ta ce barci mai kyau yana son cikin ɗaki kada ya wuce 30. Mu gwada da esi. Lafiyayyen injin waje yana ba da desibel 50 da 'yan kai in ka tsaya mita 1 daga gare shi. A fili, duk ninkin nisa yana rage wajen 6: a mita 2 ya sauko 40 da wani abu, a mita 4 wajen 40, sai ka kai kusan mita 8 kafin ka shiga ƙasa da 35. A lungun da faɗinsa bai cika mita 1 ba, ga bango biyu suna mayar wa juna sauti, babu esin da zai ci wannan jarrabawa. Babu kuma jami'in da zai zo Sheka ƙarfe biyun dare da na'urar awo. In ma ya zo, karnuka da babura da janaretan mai cajin waya sun riga sun haura 35 kafin a kunna esin. Dokar da kowa ke karyawa ba ta kama kowa.

Kotu ma hanya ce. A 1970 Babbar Kotun Legas ta ba wani mazaunin Surulere gaskiya a kan maƙwabcinsa da ya cika bayan gida da kaji, kukansu da warinsu suka hana shi barci, ta ba da diyya ta kuma hana ci gaban abin. To amma wa zai ɗauki lauya, ya yi ta sintiri, a kan abin da 'yan mitocin bututu za su warware? In ka ci shari'ar ma, gobe da wa za ka haɗa sahu?

A jihar New South Wales ta Ostareliya sun sauƙaƙa abin. Ƙa'idarsu ita ce daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, ko 8 a ƙarshen mako, kada a ji ƙarar esinka a cikin ɗakin zaman maƙwabcinka. Ba lamba, kunne ne alƙali. Wannan awo mai unguwa zai iya yin sa da dattawa biyu: a shiga ɗakin mai ƙorafi bayan isha, a ce a kunna, a ce a kashe, a saurara, a kuma miƙa hannu ta taga a ji iskar da ke shigowa. Abin da ba zan ɗauko daga can ba shi ne maganinsu, wato a kashe injin da dare. A Kano cikin Afrilu dare ne lokacin da ake buƙatarsa. Tamu ƙa'idar a kan wurin kafawa ya kamata ta tsaya, ba a kan lokacin kunnawa ba.

Ba kowane mai ƙorafi ke da gaskiya ba, wannan ma a faɗe shi. Birni ba daji ba ne, zo mu zauna zo mu saɓa, kuma wanda ke son shirun ƙauye a tsakiyar Kurna ya nemi abin da babu. Wanda ya zo daga baya ya fasa sabuwar taga daidai bakin injin da ya tarar, shi ya kai kansa. Akwai kuma wanda in an matsar da injin, an sa roba, an kama ruwan, zai sake samo wani abin, domin asalin ciwonsa rigimar iyaka ce tun ta iyaye. Irin wannan awon kunne yana tona shi kamar yadda yake tona mai esin. Ina ma ganin in maƙwabci ya nemi alfarmar da ba ta cutarwa, misali bututu ya bi ta saman katangar da ake tarayya don injin ya yi nisa da tagogin kowa, hana shi rowa ce. Hadisin da ya yi maganar barin maƙwabci ya kafa itacen rufinsa a bangonka sananne ne, ko da yake Imam Malik ya ɗauke shi a matsayin kyautatawa, ba abin da alƙali zai tilasta ba.

Ruwan kuwa ya fi ƙarar saurin zama ɓarna, ga shi ya fi komai arhar magani. Da rani kaɗan ne, amma da damina, iska na ɗauke da laima, esi ɗaya yana tara lita da yawa a dare. In yana sauka a gindin katangar ƙasa, cin ta yake yi a hankali har ranar da ruwan sama zai ƙarasa ta. In ta siminti ce, ga gansakuka, ga fenti na ɓarewa, ga kwatamin sauro a lungun da rana ba ta shiga. A gidajen haya na bene, na sama yana ɗiga a kan shanyar na ƙasa, mai gidan yana can wata unguwa, sai ƙarshen shekara a ga ɗan aikensa. A Hong Kong barin esi yana ɗiga wa mutane laifi ne da hukuma ke bi har da tara. A nan ƙarin tiyo da bokiti sun isa, ruwan ma ya yi shara ko ban ruwan shuka.

Da a ce kowane gini yana bi ta hannun hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, da sai in ce a wajabta wa mai zane ya nuna mazaunin injinan esi tun a takarda, kamar yadda sababbin gidajen gwamnati a Singafo ke zuwa da 'yar barandar da aka ware don haka. A manyan benaye da rukunin shaguna ya kamata a yi hakan, ko don masu bin layukan kasuwa da ke shan iskar injinan da aka jera daidai tsayin fuska. Taruwar irin wannan zafi ba wasa ba ce: wani bincike a birnin Phoenix na Amurka ya gano zafin da na'urorin ke fitarwa yana ɗaga zafin dare da fiye da digiri 1 a wasu unguwanni. Amma yawancin gidajen da nake magana a kansu ba su taɓa ganin takardar izinin gini ba. Mutum biyu ne kawai ke taka ƙafa a wurin: mai haɗa esi da mai unguwa. Masu sana'ar haɗa esi suna da ƙungiyoyinsu da ogogin da ke yaye yara. In oga ya koya wa yaronsa cewa ba a fuskantar da fanka ga tagar mutane, ba a kafa inji ba roba, ba a sakin tiyo a bangon wani, kamar yadda ya koya masa gane yoyon gas da kumfar sabulu, rabin rigimar ta mutu tun ba a haife ta ba. Yaron nan da ke kan tsani ya ga tagar. Abin da ya rasa shi ne ogan da zai ce ba na yin irin wannan aiki.

Shi kuma mai saye, kafin a huda bango ya zagaya ya tsaya inda injin zai zauna, ya dubi abin da ke gabansa. In taga ce ko tsakar gidan wani, ya yi sallama. "Malam, zan sa esi, ina ne ba zai dame ku ba?" Mutumin da aka tambaya tun farko yakan yafe abin da ba zai yafe ba in an yi masa ba-zata. Wurin da ya fi dacewa a yawancin gidajenmu kuwa sananne ne: jikin bangon da ke kallon tsakar gidan mai esin, a sama, inda iska ke wucewa. Na sha jin amsar da ake bayarwa in an kawo wannan shawara. A'a, nan Hajiya ke girki, nan yara ke kwana in an ɗauke wuta, zafi da ƙara za su dame su. Wanda ya faɗi haka ya gama ba da shaida a kan injinsa, bai kuma kamata ya sake cewa ba shi da ƙara ba.

Akwai gidajen da ko tsakar gidan babu, an rufe ko'ina da kwano, bango uku na iyaka ne, na huɗu yana bakin hanya. Nan sai dai gaban gida sama da tsayin mutum, ko a haɗa ƙarfe mai ƙwari a ɗaga injin sama da rufi, fankar ta kalli sarari, a yi masa 'yar rumfa saboda rana. Zai ci ƙarin bututu, ƙarin gas, da ladan mai walda, wataƙila ma ya sa a ɗaga sayen zuwa wata mai zuwa. Wannan kuɗi cikin kuɗin esin yake, kuma mai esin ne zai biya.